Yarinyar da Na Bari a Cikin Mayo

Shekara da shekaru ina tallata wani littafin matasa a unguwar Lokuwa da ke Mubi kamar ni na rubuta shi. Labarin wata yarinya ne da ta shiga mayo, wato kogi, da damina don ta kai wa kakarta magani. Ƙarshensa ne ya fi burge ni: ruwa ya kai mata wuya, sai labari ya tsaya cak.

Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, na tsaya gaban ɗalibaina na sakandare ina kumfar baki.

"Wannan shi ne marubuci! Bai raina hankalin mai karatu ba. Ya bar mu da zullumi har abada."

Wata ɗaliba, Hauwa, ta ɗaga hannu. "Malam, ai ta haye. Har nas ta zama."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta zaro nata littafin daga jaka. Ya fi nawa kauri. Ashe babi uku na ƙarshe sun yage tun kafin in saya. A tsaye na karanta su, aji na ta dariya, kuma wallahi sun fi sauran daɗi.

Har yau in na yabi ko da shayi ne, sai abokan aikina su ce, "Malam, ka sha har ƙarshe kuwa?"