Ta'aziyyar Dattijo, Injin Malam Sodangi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da gajiya, Malam Sodangi, mai koyar da aikin hannu ga ɗaliban injiniyan injuna a ƙaramar kwalejin nan ta bayan tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin ɗalibai rasuwar abokin zamansa, injin Fijo wanda kowa ya sani da suna Dattijo. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala, a kan bencin ƙarfen da ya daɗe yana kwance a kai. Ya tafi ya bar ɗalibai sama da arba'in waɗanda ba su da wani injin da za su sa wa hannu. A nan asarar take.

Tun da yanzu Shari'a ta zauna a jihar nan, kowa yana auna maganarsa kafin ya sake ta, sai da Malam Sodangi ya je ya tambayi Malam Hayatu, limamin masallacin kwaleji, ko ya halatta a yi wa ƙarfe ta'aziyya. Liman ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya ce, "Sodangi, ƙarhe na, ba a yi mai salla. Amma kai a yi ma gaisuwa, don na ga ka rame." Saboda haka a sani, babu salla babu likkafani, gaisuwar ta mai rai ce.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayin. An dai san ya yi ƙuruciyarsa a cikin wata a-kori-kura ta Malam Sodangi mai jigilar buhuna da awaki tsakanin kasuwar Shinkafi da Zurmi. Motar ta mutu gaɓa-gaɓa, ƙofa ta fara, bodi ya bi, daga baya tayoyi suka ce su ma sun yi iya nasu. Inji kaɗai ya ƙi mutuwa. A lokacin Malam ya gaji da kwatanta fistin da baki, yara suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru alhali ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Sai ya cire injin, ya ɗora a amalanke, ya turo shi har ɗakin koyon aiki, wai ya riƙe ɗalibai kwana biyu kafin sabon injin da hukuma ta yi alkawari ya iso. An ce sabon yana hanya tun muna cikin jihar Sakkwato. Da aka yanke Zamfara aka ce ai tafiyar ta ragu, tunda daga Gusau zai taho. Malam ya daɗe da daina tambaya.

Dattijo mai haƙuri ne, irin haƙurin da ba a samu a ɗan Adam. Kowace shekara sai an kwance shi har noti na ƙarshe, a baje hanjinsa a kan buhuna, yaran da jiya-jiya suka koyi bambanta sufana da filaya su tsaya a kansa suna gardama. Al'adar ɗakin ita ce ba wanda ya ci jarrabawar aikin hannu sai ajinsu ya haɗa shi ya tashi. Duk wanda ya zauna a ɗakin nan yana tuna muryarsa da safe: kirrr, kirrr, sai ya yi shiru kamar mai tunanin ko ya amsa, sannan tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, hayaƙi ya cika ɗaki, masu tari suna tari masu tafi suna tafi. In kuwa an juya masa wayoyin fulogi, sai ya ce fau! sau ɗaya ta bututun hayaƙinsa, kajin maƙwabta su watse. Iyakar faɗansa ke nan, bai taɓa riƙe kowa a zuci ba.

Bai yi karatu ba, amma ya karantar. Akwai masu zuwa da lissafi cike da kai da riga mai sitaci, suna riƙe sufana da yatsu biyu. Waɗannan yakan bar su har su sunkuyo, sai ya fesa musu baƙin mai a ƙirji, daga ranar su zama mutane. Akwai kuma 'yan gareji, waɗanda suka taso a ƙarƙashin mota suna ganin littafi ɓata lokaci ne, komai sai su ce ai kimanin haka ne. Su ma bai raga musu ba. In ba su auna tazarar bawul yadda littafi ya ce ba, sai ya tashi yana ƙwas-ƙwas yana tona musu asiri a gaban aji, su koma su nemo shafin da suka tsallake. A wurinsa aka koyi cewa notin da ya ƙi shiga da yatsu, sufana ba za ta lallashe shi ba, zare kawai za ta cinye. A wurinsa aka koyi jera kaya bisa yadda aka ciro su, domin ƙwaƙwalwar da ta rantse za ta tuna da safe, da la'asar ta manta. Masu ɗaukar guduma kuwa, Malam yakan karɓe ta ne kawai, ya ɗora kunnen yaron kusa da injin, ya bar shi nan har sai ya ji abin da ake so ya ji.

Duk da haka, ba a taɓa haɗa Dattijo ba tare da an samu ragowa ba. Ko wane aji, komai ƙwazonsa, in an gama sai an ga noti biyu ko uku a kan buhu suna kallon mutane, ba wanda ya san daga ina suka fito. Injin kuwa ya tashi lafiya lau. Sai Malam ya sa wanda ya fi kowa cika baki a ajin ya tsince su, ya zuba a wani gwangwanin madara da ke kan taga. Bayan an watse, shi Malam yakan bi injin a hankali ya cike duk gurbin da aka bari da wasu notin daga akwatinsa, gwangwani kuwa ya bar shi yana nauyi don tsoratar da sababbi. Da tafiya ta yi tafiya har notin keken masinja da na keken ɗinkin wani gida suka sami masauki a cikin gwangwanin.

A nan ajali ya ɓuya.

Yazid ɗan Gurbin Bore ne, ɗan ajin ƙarshe, kuma Malam bai taɓa koyar da mai natsuwarsa ba. Gidansu makiyaya ne, inda ba a kwana da saniya ɗaya a wajen garke. Tun shigowarsa gwangwanin nan yake damunsa. A ganinsa dabbobi ne da suka ɓace, kowa yana wucewa ba mai kora su gida. Da lokacin gama karatunsu ya matso, sai ya shirya da abokansa su yi wa Malam kyautar ban kwana: su mayar wa Dattijo duk abin da aka raba shi da shi. Suka bari sai ranar da Malam ya tafi kasuwar Shinkafi neman gaskit, shimfiɗar nan da ke hana inji yoyo, suka rufe ƙofa, suka buɗe injin, suka juye gwangwani a kan buhu.

Suka duba, ba gurbin da babu noti. Mai hankali zai tsaya nan ya jira a tambaya, amma ƙauna ba ta jira. Suka shiga neman rami, duk inda suka ga huda suka gwada mata wanda ya yi daidai. A can ciki Yazid ya sami wata ƙaramar kafa, ya ɗaura mata dogon ƙarfe mai zare, ya shiga kamar don ita aka yi shi. Ashe hanyar da baƙin mai ke bi ce.

Shaidu sun tabbatar Dattijo bai taɓa tashi da daɗin murya irin na ranar ba. Bugu ɗaya ya amsa. Suka yi ta tafi, suka ƙara masa wuta, suka sake ƙarawa. Marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa ya gaya musu. Ya fara da ƙis-ƙis a hankali, ya koma ƙwanƙwasa kamar baƙo a ƙofa, amma tafi ya fi shi ƙara. Daga nan sai gam! Sandar fistin ta fasa bangon injin ta leƙo waje. Bai ƙara cewa komai ba.

Malam ya dawo bayan la'asar da gaskit a aljihu, ya tarar da samarin a tsaye kowa ya sunkuyar da kai, baƙin mai yana bin ƙasa. Ya ce, "Mi kunka yi mai?"

Yazid ya ce, "Malam, kayanai munka maida mai."

Malam ya dubi ramin, ya dubi gwangwanin da ba komai a ciki, ya nemi wuri ya zauna. Ya so ya yi faɗa, ya laluba cikinsa bai sami ƙarfin yi ba. Shekara da shekaru yana tsare injin nan daga malalata da masu gaggawa da masu guduma, bai taɓa kawowa a ransa mai ƙwazo ne zai gama da shi ba. Baƙin ciki ya kama shi ƙwarai, kuma rabinsa na yaron ne, wanda ke tsaye da sufana a hannu.

Don haka ana sanar da jama'a cewa an yafe wa Yazid duniya da lahira. Ba za a kai shi gaban alƙali ba, ba a neman diyya, kuma masu kiransa Mai Kashe Tsoho a ɗakin kwana su bari haka nan. Zai zama injiniya na gaske, domin ya koyi abin da ba ya cikin manhaja: ba kowane rami ke neman noti ba, kuma inji mai lafiya ba a yi masa magani sai an tambayi wanda ya san tarihinsa.

Marigayin ya bar lagireto guda mai yoyo, da kafireto da ta ga duniya, da batirin aro wanda mai shi ya riga ya aiko a mayar masa. Ya bar 'ya'ya da jikoki barjat, daga masu gyaran injin niƙa a Katuru zuwa masu tayar da injin ban-ruwa a fadamun Shinkafi, har da waɗanda sabuwar jiha ta ɗauka suka sa hula suka zauna ofis, waɗanda in sun yi musafaha har yanzu ana jin kanta a tafinsu. Amma marayun gaske su ne 'yan ajin farko. Su ba su taɓa buɗe shi ba. An ce musu sai zango mai zuwa, iyakar rabonsu da shi share ƙasa da miƙa tsumma.

A cikinsu akwai Murja, 'yar Zurmi, ita kaɗai ce mace a ajin, wadda ta sha surutu kafin a bar ta ta zo karatun da ake ce wa na maza. Takan naɗe hannun hijabinta da roba ta tsaya daga gefe tana leƙe, tana jiran ranarta. Washegarin rasuwar ta tarar da Malam yana goge bencin, ta gaishe shi, sannan ta ce, "Malam, to mu cikin mi za mu koya?"

Malam ya ci gaba da goge inda ya riga ya goge. Ya san amsar da ake bayarwa, cewa sabo yana hanya, amma bakinsa ya gaji da ɗaukarta. Abin da yake tsoro tun farko shi ne ya sallami yaro da takardar shaida da tafin hannu mai laushi, ya je ya tsaya gaban injin mutane yana karanto masa littafi. Ga shi abin ya zo har ƙofa, shi kuma ƙarfinsa ya tafi, ba shi da wata a-kori-kurar da zai yanka.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Za a taru ranar Asabar da hantsi a ɗakin koyon aiki. 'Yan ajin farko ne za su yi wa marigayin wanka da kananzir, su ne kuma za su kwance shi har noti na ƙarshe, a hankali, ba mai ƙosa su, tunda wannan karon ba a jiran ya tashi. Murja ce za ta ɗora sufana ta farko. Yazid zai tsaya kusa ya nuna wa kowa kafar nan da yatsansa, ya faɗi aikinta da bakinsa. Malam Sodangi zai zauna a kujera, ya yi alkawarin ba zai taɓa komai ba, ko da ya ga ana juya noti ta inda ba a juyawa. Bangon injin da ya fashe za a ajiye shi a bakin ƙofa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu su zo da sikeli.

Masu zuwa gaisuwa kada su sa farin kaya. Kada a kawo gero, kada a kawo goro, addu'a ta isa. Sai dai duk wanda ke da wani tsohon inji yashe a bayan gida, daga nan har Galadi, na niƙa ne ko na ruwa ko na babur, wanda kaji ke ƙwai a kansa, don Allah ya ɗoro shi a amalanke ya taho da shi. Ba a neman mai lafiya. In dai yana da notin da za a kwance, marayun nan za su karɓe shi hannu biyu, domin ranar Litinin akwai darasi.