Ranar da Na Yi wa Gonar Baffa Ilu Aski

Ba zan taɓa mantawa da tsibin ƙasar nan ta Sakajiki ba, ko da kuwa na so in manta.

Muna shekarar ƙarshe a sashen aikin gona na kwalejinmu a Kaura Namoda, malamarmu, Malama Hadiza, ta kai mu ƙauyen Sakajiki, gonar wani dattijo, Baffa Ilu. Masu haƙar zinariya sun bi gonar sun bar ta ramuka da jan marmara. Sa'arsa ɗaya: kafin su fara, ya sa an kankare baƙar ƙasar sama an tara a gefe. Wannan tsibin shi ne duk abin da ya rage na gonarsa. Aikinmu shi ne mu cike ramukan da marmara, sannan mu shimfiɗa baƙar ƙasar a kai.

Ni kuwa ban iya hira ba, amma na iya tsabta (har littattafaina bisa tsawonsu nake jera su). Tun zuwan farko tsibin ya tsaya mini a rai, duk ciyawa da yaɗo sun lulluɓe shi. Na karanta cewa ciyawa na shanye abincin ƙasa. Na so in tambayi Malama, kunya ta hana.

Ranar da masu unguwanni za su zo ganin aikin, na riga kowa isa, na ɗauki fartanya. Na nome tsibin tas, na share, na bi da shebur na daddaɓe shi sumul. Sannan na tsaya a gefe ina jiran yabo.

Sai ga Malama tafe da dattawa, tana bayani ba ta ko dubi gabanta ba: "Wake da gamba muka shuka a kai da gangan, don saiwoyin su riƙe ƙasar kada ruwa ya tafi da ita. Ku duba yadda ta yi kore..."

Ta juyo. Ta ga tsibin babu ko ganye ɗaya.

Baffa Ilu ya dubi tsibin, ya dube ni da fartanya a hannu. "Ɗan nan, mi ta yi maka ka yi mata aski ƙwal-kwabo?"

"Baffa, gyarawa na yi," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"To madalla da wanzami," in ji wani mai unguwa. Dariyar ba ta yi nisa ba, domin hadari ya riga ya haɗo daga wajen Zurmi. In ruwan ya sauka a haka, gonar Baffa za ta bi kwari.

Malama ba ta yi faɗa ba (da ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta tona inda na daddaɓe, ta damƙa mini ƙasa a tafin hannu. "Duba abin da ka tsiraita."

Na duba. Ga tana tana motsi, ga saiwoyi sirara kamar zare, ga ƙananan ƙwari suna ta kai-komo, ga wani ƙamshi mai sanyi. Na yi ta rubuta "ƙasar sama" a jarrabawa, ban taɓa sanin tana da rai haka ba.

Muka bazama. Yaɗon da na tuge muka mayar a kai, aka kwaso karan dawa daga dangar Baffa aka rufe, dattawa suka tattare riguna suna jera duwatsu a gindin tsibin. Ruwa ya same mu a nan. Ƙasa kaɗan ta zube, saura ta tsaya.

Damina ta zagayo na koma. Inda ramuka suke, gero ya fi ni tsawo. Na tsaya ina kallo, sai na ji muryar Baffa daga cikin gonar: "Wanzami! Shigo ka gani, amma aje fartanyar nan waje."

Tun daga ranar, kafin in gyara abu sai na tambaya ko ya lalace. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Sunan Wanzami kuwa har yau yana bina.