An Tsare Tsohuwar Talabijin Ɗin Yayata

Ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya zo a karkace, a kwance nake yin sa. Bayana ne ya riƙe. Da safiyar nan na tura tsohuwar talabijin a baro tun daga gidan yayata har zauren Hukumar Rabon Rumfuna, na kuma hau bene da ita a ka. Da yamma na dawo da baron fayau. Talabijin tana can a tsare, ana bincikenta.

Bari in fara daga farko. Shekara goma sha tara Yaya tana sayar da robobi da kwanuka a rumfa ɗaya cikin tsohuwar kasuwa. Bara waccan aka zo da motar rusau aka share kasuwar, aka ce za a gina ta zamani, kowa ya koma wurinsa. An kuwa gina. Sai dai rumfa ɗari huɗu sun koma ɗari da hamsin, saboda an bar fili wa motocin manya da wani dogon dutse mai ɗauke da sunan wanda ya aza tubali. Tun lokacin Yaya a bakin titi take ƙarƙashin laima, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, masu kora su kore ta. Mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu suna wuyanta, kuma da wannan sana'ar kaɗai take riƙe da su.

Sai Mai Girma Shugaban Rabo, Allah ya ƙara masa faɗin kujera, ya ba da sanarwa cewa ƙuri'a za a yi da kwamfuta, a gaban kowa, ba sani ba sabo. Domin wannan rana aka sayo wani allon kallo na zamani mai faɗin ƙofar gareji. Na gan shi da idona a kusurwar zauren, cikin kwalinsa, an ɗaure shi da kyakkyawan ƙyalle. Ba za a buɗe shi ba sai an ƙaddamar da shi, mai ƙaddamarwar kuma ya yi tafiya taron ƙara wa juna sani a kan amfanin irin waɗannan allunan. Akwai wasu talabijin a ofisoshin manya, amma wa ya isa ya cire abu daga bangon babban mutum ranar da ake wasan ƙwallo?

Shi ya sa aka aiko neman maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda muke kira Kwance-Ɗaura. Ya buga mini ƙofa ko shayi ban sha ba.

"Maƙwabci, wa ke da talabijin mai rai a layin nan? Duk na shagona gawa ne."

Yaya, da gidanta ke jikin nawa, tana ji ta ce a ɗauki tata. Irin mai ƙusumbin nan ce a baya, wadda marigayi ya sayo shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari. Kullum a lulluɓe take da farin mayafi mai ado. Na ce mata, "Yaya, kayan da ya shiga ofishin nan ba ya cika fitowa."

"Kai dai ɗauka, Auta," in ji ta. "Ai wadda ta ba da talabijin ba za a manta da ita ba."

Babur ɗin Kwance-Ɗaura yana layin mai tun jiya, don haka aikin ya faɗo kan baro da ƙashin bayana.

A zauren ne na ga aikin gwani. Talabijin ɗin Yaya ramuka uku gare ta a baya, ja da fari da rawaya. Kwamfutar hukuma kuwa rami ɗaya siriri gare ta a gefe. Tsohuwa da yarinya, babu mai jin yaren wata. Kwance-Ɗaura ya zaro wani ɗan akwati kamar na ashana daga aljihu, ya ce shi ne tafinta. Ya soka waya ɗaya daga kwamfuta zuwa akwatin, ya soka uku daga akwatin zuwa talabijin, kowace launi a raminta. Ya danna maɓalli, tsohuwa ta yi tari, ta yi ruwan toka, sai ga hoto. Rubutun ya fito dishi-dishi, don haka ya ƙara masa girma yadda na kujerar ƙarshe ma zai karanta ba tabarau. Muka ɗora ta a kan tebur tana fuskantar jama'a, manya kuma suna zaune a bayanta suna kallon ƙusumbinta.

Mai kula da kwamfutar shi ne Babban Jami'in Na'ura, wanda na lura da yatsa ɗaya yake danna komai, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce. Kwance-Ɗaura ya rusuna ya yi masa tambayar da duk mai wannan aiki yake yi:

"Ranka ya daɗe, hanya biyu ce. Ko dai ta nuna duk abin da ke fuskar kwamfutarka, ko ta zama allo na biyu daban, sai abin da ka tura mata. Wanne kake so?"

Ranka ya daɗe bai fahimci tambayar ba, kowa ya ga haka a fuskarsa. Amma kun taɓa jin jami'i ya ce "ban gane ba" a gaban talakawa? Ga makirufo a gabansa, ga masu ɗaukar hoto. Sai ya gyara wuyan riga, ya kai baki ga makirufo ya ce, "Duk abin da nake gani, jama'a su gani! Mu ba ma ɓoye-ɓoye!"

Aka tafa. Ni ma na tafa, Allah ya yafe mini. Kwance-Ɗaura ya danna abin da aka ce ya danna, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Shugaba ya miƙe ya fara jawabi a kan gaskiya da riƙon amana. Jami'in Na'ura kuma, don kada ya zauna banza, ya buɗe wata takarda a kwamfutarsa yana bita. Sai ga ta ɓaro-ɓaro a fuskar tsohuwa, haruffa manya-manya: SUNAYEN WAƊANDA SUKA CI ƘURI'A. Ƙuri'ar da ba a yi ba tukuna. Kuma don aikin ya fita tsaf, gaban kowane suna an rubuta na wane ne: na Shugaba, na uwargidan Shugaba, direban Sakatare, surukin Mai Girma, surukin Mai Girma na biyu. In yaba musu a nan, ban taɓa ganin takardar hukuma mai tsari irin wannan ba.

Zauren ya yi tsit. Shugaba ya ɗauka jawabinsa ne ya ratsa mu, sai ya ƙara murya. Jami'i yana ta gangarawa da yatsansa ɗaya, a hankali, har ƙasa, ya sake komowa sama. Na waiwaya na ga Yaya ta miƙe tsaye, bakinta yana motsi, tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta bi su har ƙarshe. Da ya komo sama ta sake bi.

Sannan aka ce a fara ƙuri'a. Wani ƙwallo ya fito yana juyawa a fuskar talabijin, Shugaba ya ce, "Rumfa ta ɗaya!" Kafin ƙwallon ya tsaya, wata mai sayar da tsintsiya daga baya ta ce, "Na uwargidan Shugaba!" Ƙwallo ya tsaya, sunan ne kuwa. "Rumfa ta biyu!" Wannan karon zauren duka ya haɗa baki: "Direban Sakatare!"

A rumfa ta huɗu ne Jami'in Na'ura ya farga. Ya sake buɗe takardar don ya tabbatar, ta sake fitowa. Sai bawan Allah ya kifa hannun rigarsa a kan fuskar kwamfutarsa ya rufe ta ruf, yana zare ido, mu kuma muna ci gaba da karatu a talabijin. Ƙarshe dai wani ya ruga ya kashe wutar ginin gaba ɗaya.

Kafin la'asar sanarwa ta fito. Wai wata tsohuwar na'ura da ba ta dace da zamani ba ce ta nuna abin da babu shi a kwamfutar hukuma. An kafa kwamiti mai mutum tara, an ɗage rabon rumfuna sai abin da hali ya yi, an kuma riƙe talabijin a matsayin shaida. Da suka titsiye Kwance-Ɗaura, cewa ya yi, "Na tambaye shi, ya amsa a makirufo." Suka sake shi da sauri.

Dariyar da na sha a zauren ta ƙare mini a hanya. Yaya tana tafe a gefen baro, mayafin talabijin a ninke a hannunta, har muka kusa gida. Sannan ta ce, "Auta, da ba ta nuna ba, da na ce rabona ne bai zo ba, in yi haƙuri in yi barcina. Yanzu da me zan yi haƙurin?"

Na jingine baron a ƙofar gidanta. Ta shiga ɗaki ta shimfiɗa mayafin a kan teburin da babu komai, ta fito tana haɗa robobin da za ta kai bakin titi gobe.

Ni dai roƙona ga kwamiti mai alfarma shi ne a duba tarihin wadda ake tuhuma a yi mata sassauci. Shekara ashirin da biyu tana nuna mana manya suna alkawari kowace yamma, ba a taɓa kama ta da laifi ba. Wannan ne karonta na farko.