Motar Darakta Tana Hutawa

Duk layin babu wanda ya san mota kamar Darakta. Ba wai ya taɓa riƙe sifana ba, Allah ya kiyaye, amma daga nesa yake duban mota ya gaya maka ajin mai ita. Mataimakin mai kula da sito ne a ofishinsu har ya yi ritaya. Sunan Darakta shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa don ba su da lokacin gardama. A bayan idonsa Hanci-Sama ake ce masa.

Da aka biya shi kuɗin sallama, ya kwashe su kaf ya sayo mota sabuwa dal, ya hana a cire ledar kujeru. Ya tara maƙwabta ya yi musu lacca, yana kallon maƙwabcinsa mai kemis da tsohuwar akwalar motarsa.

"Mota iri biyu ce," in ji shi, "da ta hawa da ta turawa. Ni na wuce ajin turi."

Ƙamshin sabunta bai gama fita ba injin ya buga, a ƙofar gida. Makanike ya leƙa ya ce aikin kamfani ne ya zo da tangarɗa, ya je su ba shi wani inji tunda garanti bai ƙare ba. Hankalin Darakta ya tashi, don ba shi da kuɗin ko rabin inji.

Ya sa kwat ya tafi ofishin kamfanin. Ya tarar da masu irin matsalarsa zaune a benci, ya wuce su kamar bai gan su ba.

"Kira min wanda ya ƙera motar da hannunsa," ya ce wa matar da ke zaune a kanta. "Ki ce Darakta ne da kansa. Ba koke na kawo ba, gyara na zo yi muku."

Ta ce za a turo injiniya gida. In ya tabbatar injin ya mutu, za a sa sabo kyauta.

Kafin zuwan injiniya sai da Darakta ya san yadda ya yi da mutunci. Kullum da safe a wanke mota, ya shiga kujerar baya, ya ɗaga gilashi, ya karanta jarida yana zufa. Wanda ya tambaya, sai ya ce motar tana hutawa. Wani lokacin ya ce a kunne take, injin zamani ne, ba a jin ƙararsa. Mai kemis ya taɓa bonet ya ji sanyi ƙalau, Darakta ya ce ai ingancin ke nan.

Matarsa ta gaji. "Baban yara, don Allah in mutumin nan ya zo ka faɗa masa gaskiya. Abin da muka mallaka ke nan."

Injiniya ya iso da yamma, daidai lokacin da rabin layin ke zaune a bencin mai kemis. Ya yi sallama da murya kamar lasifika.

"Nan ne gidan wanda injinsa ya mutu?"

Darakta ya dubi injiniya, ya dubi mai kemis da ya fara gyara zama. Sai ya dafa motar, ya ɗaga hanci.

"Yaro, ka ɓata hanya. Motata ba ta taɓa ko tari ba. Na hau motoci a duniya, ban ga kamarta ba. Duk wanda ya ce injinta na mutuwa, tuƙi ne bai iya ba."

Injiniya ya yi murna ƙwarai. Ya nemi izinin ɗaukar hotonsa da maganar, Darakta ya gyara kwala ya maimaita. Matarsa ta juya ta shige gida. Kamfani ya rufe maganar inji.

Yanzu a babbar mahadar gari akwai ƙaton allon talla, ga Darakta dafe da mota yana murmushi, an rubuta: "Ba ta taɓa ko tari ba." Kullum yana wucewa ta ƙarƙashinsa a kujerar bayan akwalar mai kemis. In ta mutu a wurin, kuma takan mutu, shi ne ke sauka ya tura.