Garikai da Hular da Aka Yi Masa Alkawari

Jiya Asabar na yi asarar barcin rana da gugar wando, duk a kan maƙwabcina Garikai. Ya buga mini ƙofa sanye da kwat ɗin ƙungiyar wasan kurket ta ƙasa, wadda maɓallanta suka daɗe da yin sallama da tumbinsa. Wai Masu Girma Iyayen Wasa za su karrama 'yan wasan "shekarun juriya", wato shekarun da ake gama lallasa mu tun mai gasa masara a bakin fili bai hura gawayi ba.

Bari in tuna wa wanda ya manta. A zamanin nan masu zaɓen 'yan wasa ba sa isowa filin gwaji sai an tashi hutun shayi. Su ci kek, su goge baki, su rubuta sunan duk wanda suka gani kusa da buta. Sun taɓa ajiye wanda ya fi kowa iya bugu, wai yana sa sauran jin kunya. Kyaftin huɗu muka yi a damina guda. Allah ya saka musu, ba su taɓa bari mun saba da fuskar kowa ba, balle mu ji zafin rabuwa.

Shi Garikai shekara shida ya yi yana na goma sha biyu. Sha ɗaya ke shiga fili, na sha biyu ya bi su da ruwa da tawul. Hular ƙasa kuwa sai wanda ya buga ake ba. Har yau matarsa Mai Rudo in tana tuƙa sadza, tuwon masara, takan ce ɗan garuwa mai fasfo ta aura. Dariya yake yi, amma na san abin yana cinsa. Takardar gayyata ta ce kowa zai samu hula, shi ya sa ya ja ni in zama shaida.

A kombi, motar haya, ya ce, "Ɗan'uwa, yau da ita zan ci abinci, da ita zan yi wanka. Matar nan sai ta gaji da ganinta."

Mun tarar da rumfa mai na'urar sanyi, da furanni, da mawaƙa, da wani Babba da ya yi awa guda yana bayanin cewa shan kashi ma horo ne. Sai aka sanar cewa hidima ta yi yawa, huluna sha ɗaya kawai aka iya ɗinkawa. Tsofaffin 'yan wasa kuwa sha biyu suka zo. Nan take aka kafa kwamitin zaɓe, kwamiti ya nemi shayi.

Da suka fito, Babban ya dafa kafaɗar maƙwabcina. "Garikai namu, ai kai ba ka da na biyu. Wa za mu amince wa da wannan aiki in ba kai ba?"

Ya miƙa masa farantin hulunan. Haka ya bi layi yana kai wa kowa hularsa, kwat na neman yagewa a baya, ni kuma wallahi idona ya cika da ƙwalla.

Amma a faɗi gaskiya, ko ɗaya bai yar ba. A tarihin wannan ƙungiya da cafe ƙwallo ya gagare ta, jiya ne karo na farko da abu ya shiga hannun ɗan wasa ya zauna.