Gado Mai Ciruwa na Muhandis Musbahu

Wanda bai san Muhandis Musbahu ba, wato Injiniya Musbahu, bai san unguwar Manfuha ta birnin Riyad ba, ratsawa kawai ya yi. Allah Ya yi wa bawan nan kai, kan ma har ya fi ƙarfin hula. A igamarsa, katin zaman Saudiyya, an rubuta direba, amma wannan kuskuren hukuma ne, kuma tuni ya yafe mata. Kullum bayan asuba yakan ɗebi burodi a gidan burodin kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, cikin wata farar mota mai rufaffen baya, ya rarraba wa kantunan unguwar Ulaya. Idan ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara murya ya ce ciyar da ƙasa.

Su takwas ke kwana a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Nasa na sama ne, dab da esi mai huro sanyi, wurin da kowa ke haɗiyar yawu a kansa. To amma ina giwa ina akurki? Wata rana ya ga Turawa a waya suna kwana cikin motocinsu a kan gadon da ake sawa a cire. Nan take ya gane satar fasaharsa suka yi tun kafin ya yi tunaninta.

Wata biyu yana zane a bayan kwalayen burodi, fensir a kunne har cikin sahu. Tef ɗin awo bai yarda da shi ba, don ɗan China ne. Sai ya miƙe a bayan motar, ya sa Ghali, wani direban ɗakinsu da ya daɗe babu mota a hannunsa, ya zagaye shi da alli.

Wani kafinta ɗan Yaman ya ba shi shawara: falle ɗaya na katako, ƙafa huɗu masu naɗewa, mutum ɗaya ya zare da hannu ɗaya.

"Falle ɗaya?" in ji Muhandis. "Ni za a ɗora a kan falle ɗaya sai ka ce kofin shayi?"

Ya nufi kasuwar gwanjo ya sayo ƙyauren wani tsohon gida. Aka yi masa ƙafafun ƙarfe, aka kafa allon kai mai madubi, aka ƙara durowa ta huluna, aka rubuta sunansa da Larabci da boko. Da ƙyar ma'aikatan kafinta suka tura shi cikin motar, ta durƙusa kamar raƙumi. A ranar ya tara mutanen ɗaki.

"Jama'a, ƙwaƙwalwa irin tawa ba ta hutawa cikin munshari. Daga yau na yi hijira. Gadona ku ba mabuƙaci."

Malam Sha'aban, dattijon ɗakin, ya ce, "Muhandis, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Balle a Riyad."

Muhandis ya yi masa murmushin da likita ke yi wa mai maganin gargajiya, ya ɗauki matashinsa ya sauka.

Washegari lokacin lodin burodi ya yi, ga gado ya cika bayan mota. Ya kama gado ya ja. Ko gezau. Ya ja da bismilla, ya ja da ƙugi, durowa ce kawai ta fito. Sai ya hau bene wajen masu munshari.

"Na zo in ba ku damar shiga tarihi."

Mutum shida suka shiga tarihi, gumi na zuba, shi kuwa yana gefe hannu a baya. "Hagu. Dama. Ghali, madubin nan ya girmi gidanku." Da yamma suka mayar. Rana ta biyu bai sauka daga gadon ba, a kai ya zauna suka ɗaga, wai injiniya sai ya ji daidaiton nauyi a jikinsa.

Rana ta uku ko farkawa bai yi ba. Malam Sha'aban ya ɗora yatsa a leɓe. Suka zaro gado da mai gado, suka dire a ƙofar shagon wankin wani ɗan Bangaladash, cikin ladabi, ko bargo bai zame ba. Wayarsa na ta kuka cikin durowar huluna, kafili ne. Ghali ya zari makulli ya kai burodi, har da saura lokaci. Kafili ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce, "Halas, shi ke nan. Mota taka ce."

Ƙarfe goma rana ta doki madubi ta dawo fuskar Muhandis. Ya buɗe ido ya ga Yamalawa da Indiyawa sun yi masa zobe, kowa waya a sama. Ya tashi zaune, ya buɗe durowa, ya zaɓi hula.

"Abin da kuke gani," in ji shi, "gwaji ne mataki na uku."

Yana cikin bayani ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, ya ratso, ya manna takarda a madubin: a kwashe cikin kwana uku.

Muhandis ya ɗaga kai ya hango Malam Sha'aban a tagar ɗakinsu. Murya ta yi ƙasa.

"Baba Sha'aban, gadona na saman nan fa?"

"Ka ce a ba mabuƙaci. Wani Basakkwace na kai, ya ce a gode maka."

Ba za mu rage wa Muhandis ladarsa ba, aikinsa ya yi kyau. Gadon ya ciru kamar yadda aka zana. Sai dai shi yana buƙatar ƙarti shida. Mai shi kuwa, waya ɗaya ta wadatar wajen cire shi daga aiki.