Kan Inji Mai Ƙyalli

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so in manta, da ranar da na tsaya a tsakiyar gareji na kira mutumin kirki ɓarawo. Tun Lafiya tana cikin Jihar Filato ne. Lokacin ina koyar da darasin fasaha a wata sakandare a Shabu, ina da 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, wadda injinta ya buga a hanyar Doma, bayanta cike da doya.

Bakaniken da ke duba mini ita Bitrus ne. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya tsaya a aji shida ya kama sifana, ni na wuce har kwalejin horon malamai (wannan bambancin, Allah Ya yafe mini, ban taɓa bari ya manta da shi ba). Ya leƙa injin, ya ce ba batun gyara, sai dai a sa wani.

Muka je wajen masu sayar da injunan Beljiyam. Bitrus ya tsuguna gaban wani inji baƙi ƙirin, duk maiƙo, ya juya shi da hannu, ya kasa kunne.

"Wannan shi ne daidai da motanka," in ji shi. "Girmansu ɗaya da na da, kuma yana da kan shi. A ɗauka a sa kawai."

Ni kuwa idona yana kan wani da ya fi shi girma. Rabin inji ne, ba kai, wato babu murfin nan na sama da bawul da fulogi suke zama a ciki. Amma ina son in riƙa wuce motar shugaban makarantarmu a hanyar Shabu (iyakar dalilina ke nan, duk sauran bayanin ƙarya ne). Bitrus ya ce injin zai shiga motar, sai dai a gyara mazauninsa. Saura a nemo masa kai.

Mai shagon ya fito da guda uku. Biyu duk tsatsa, ɗaya yana ƙyalli kamar sabon kwanon amarya. Na ɗora hannu a kansa.

"Me ya sa sun shafa mashi fenti?" in ji Bitrus. "Ban yarda da shi ba."

Na yi dariya, na shiga yi masa lacca a kan ƙarfe da zafi da matsin iska, da Turancina da komai. Ya sake cewa bai yarda da shi ba. Sai na ce, a gaban mai shago, "Bitrus, wannan abin karanta shi na yi, ba a ƙarƙashin mota na tsince shi ba." (Gaskiyar magana, injin da na sani shi ne wanda nake zanawa da alli, ba ya zafi, ba ya yoyo.) Na biya kuɗin. Da Bitrus ya juya neman amalanke, na ɗauki ƙusa na karta layi uku a gefen kan injin, wai ni mai wayo, kada a yi mini musanya.

Bayan mako biyu motar ta tashi. Kai, ta yi daɗi! Ranar farko na wuce shugaban makaranta har da ɗaga masa hannu. Lokacin tara malamai suka zagaye ta, na ɗaga bonet ina baje ilimi. Na sunkuya in nuna musu alamata. Babu. Kan da ke ciki ma ba ya ƙyalli, tsoho ne wankakke.

"An yi maka sata, Malam," in ji malamin lissafi. "Halinsu ne."

Ko darasin ƙarshe ban shiga ba. Na biya na ɗauko shugaban bakanikai na layin, wani dattijo da ake kira Baba Ari, don a yi a gaban shaida. Na tarar da Bitrus yana cin rogo da ƙuli a kan benci, garejin cike da masu jiran gyara. Ban ko yi sallama ba.

"Ina kan injina? Ɓarawo! Ka ga sabo ka cire, ka liƙa mini tsoho. Dama abin da ya sa ka yi ta kushe shi ke nan!"

Wani direban tasi da ya kawo motarsa ya ja da baya, yana kallon Bitrus da wani irin ido. Baba Ari ya ce, "Bitrus, ka ji abin da Malam ya ce. Da gaske ne ka canja?"

"Na canja, Baba."

Na juya ina kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina kamar alƙali.

Bitrus ya ajiye rogonsa, ya wanke hannu, ya shiga rumfa ya jawo wani buhu. Ga kan injina yana ƙyalli, ga layina uku. Ya kifa shi a kan benci, ya sa wuƙa ya kankare fentin tsakanin bawul biyu. Wani abu kamar busasshen ƙullu ya ɓanɓaro. Ya zuba kananzir ta ramin da ruwa ke bi. Muna tsaye kananzir ya fara tsattsafowa ta wata siririyar tsaga, ɗis, ɗis, a kan takalmina.

"Ya fashe," in ji Baba Ari. "An cike shi da gam ne aka bi da fenti. Da an sa maka wannan, ko Shabu ba za ka kai ba ruwa zai haɗu da baƙin mai." Sannan ya tambayi Bitrus inda ya samo wanda ke cikin motar.

Bitrus ya nuna wata mota da ke kan duwatsu a bayan rumfa. Tasa ce. Shekara guda yana harhaɗa ta ƙarfe-ƙarfe, yana so ya sa ta haya. Injinta iri ɗaya ne da wanda na zaɓa, yanzu ga shi a buɗe, an rufe da leda.

"Na ce bari ya yi tafiya da nawa, ni in mayar da wannan ma mai shago a hankali," ya ce wa Baba Ari, ba ni ba. "In na gaya mashi, zai ji kunya. Malami ne."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To ai da ka faɗa mini." (Kun ji fa. Har a lokacin laifin nasa nake nema.)

"Na faɗa maka sau biyu," in ji shi. Ya koma ya ɗauki rogonsa.

Washegari na dawo ba da haƙuri. Ya ce ba komai. Na ce ya cire kan injinsa, ya ce aiki biyu ba zai yi ba. Mai shagon kuma ya ƙi karɓar nasa, wai ga karce a jiki, ba haka ya sayar ba. Motar Bitrus ta ƙara damina guda a kan duwatsu, ni kuwa na yi shekara huɗu ina yawo da kan injinsa, bai taɓa ba ni matsala ba.

Bai sake taɓa motata ba. In na kawo ta, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, ya nuna mini garejin gaba. Tun muna yara da sunana yake kirana, amma daga ranar na koma "ranka ya daɗe", yana faɗa har da ɗan rusunawa. Ban taɓa jin zagin da ya kai wannan girmamawar ciwo ba.

Abin da na koya? In mai sana'a ya ce bai yarda da abu ba, yanzu sai in rufe bakina in tura hannuwana aljihu. In kuma raina ya ɓaci har na ji ina son shaidu, nakan tambayi mutumin tukuna, mu biyu, a bayan rumfa. In ma kunya ce rabona, gara in sha ta ba 'yan kallo.